Sunana a Takardar Dosinda

Litinin, 3 ga Maris

Dosinda ta zo da hantsi ina cikin yi wa Baba aski. Ita ce shugabar teburinmu a masana'antar kifin gwangwani, kafin a rufe ta shekara goma sha bakwai da suka wuce. Ta tsufa ƙwarai, amma muryar tana nan. Tun daga matakala take kira: "Sabela sarauniyar masu nawa, kina raye?"

Takarda ta kawo. Ashe a shekarun da muke aiki ƙungiyar ma'aikata ta sa masu masana'anta suna ajiye mana wani abu a asusun fansho duk kakar kifin sadin. Da aka rufe, kamfanin ya bi hannu uku, kowa ya manta. Wani lauya a birnin Vigo ne ya tono asusun. Masu riƙe da asusun sun ce ba za su buɗe fayil ba sai duk waɗanda ke raye sun sa hannu a takarda ɗaya. Mu ashirin da shida ne. Saura ni da wasu biyu da ke Jamus.

Na ce zan duba. Ta ce, "Duba me, 'yata? Guminki ne."

Talata, 4 ga Maris

Na fito da takardun tallafin gwamnati. Shafi na huɗu: duk canji a abin da mutum ya mallaka, a sanar cikin kwana talatin. In ya wuce iyaka, a yanke tallafin.

Rabona ba zai wuce yuro dubu shida ba, kuma ba zan taɓa shi ba sai na tsufa. Shekarata arba'in da uku. Tallafin kuwa shi muke ci, shi ke biyan haya, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba na bar aikin wanki a otal. In na sa hannu, sunana ya shiga na'urar gwamnati. In ban sa ba, babu wanda ya sani.

Ban san ko suna lissafa irin wannan kuɗin ba. Na ji tsoron tambaya, don tambayar kanta sanarwa ce.

Juma'a, 7 ga Maris

Ruwan sama. Miyar kabeji da dankali. Baba ya ci rabi.

Talata, 11 ga Maris

Sa hannun biyun da ke Jamus ya iso ta gidan waya. Ni kaɗai na rage.

Na hango Dosinda a bakin kasuwar kifi, na bi ta bayan coci. Mace mai shekara arba'in da uku tana laɓe-laɓe kamar wadda ta yi sata.

Lahadi, 16 ga Maris

Celsa ta tare ni a ƙofar coci. Kafaɗa da kafaɗa muka yi kaka tara a tebur ɗaya. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Ke, hannunki ne ya shanye ko na Baba?"

Na ce mata ba ta san halin da nake ciki ba. Ta ce ta sani sarai, duk garin ya sani. Sai ta ce in je gida mai lamba goma sha huɗu a layin kantin magani ranar Alhamis, in ga mai wanke matakala.

Ta kuma faɗi wata magana da nake ta juyawa. A masana'anta ba a biyan mutum ɗaya, tebur ake biya. Mata takwas, a ƙirga akwatunansu tare, a raba daidai. Ni ce mafi nawa, ina bin kowane sadin ina cire ƙaya ɗaya ɗaya. Na ɗauka ba a lura sosai ba. Celsa ta ce, "Kaka tara muna tura gwangwani gefenki kafin mai ƙirga ya zo, don kada a kore ki. Dosinda ta hana a gaya miki."

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ko kuwa na sani na kau da kai?

Alhamis, 20 ga Maris

Na je. Herminia ce, ta ƙarshen teburinmu. Shekararta sittin da shida, tana durƙushe da bokiti a hawa na uku. Yatsunta sun karkace saboda ruwan gishiri, da gefen hannu take matse tsumma. Ita in aka buɗe fayil, wannan watan za ta karɓi nata, don ta kai shekarun fansho.

Ba ta ambaci takardar ba ko sau ɗaya. Ta tambayi jikin Baba, ta ce in taka gefen hagu, dama bai bushe ba.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 24 ga Maris

Ofishin jin daɗin jama'a, ƙarfe tara da rabi. Na rubuta tambayoyi bakwai a takarda don kada in rikice. Matar da ke kula da fayil ɗinmu ta amsa biyu. Sauran ta ce ba ita ke yankewa ba, sai an tura sama. Wataƙila ba za a lissafa ba, tunda ba zan iya cirewa ba. Amma yayin da ake bincike ana iya dakatar da biya, wata biyu, wata uku.

Na ce, "A wata ukun me zan ba mahaifina?"

Ta sunkuyar da kai kan na'urarta. Ba laifinta ba ne.

Ta miƙo fom ɗin sanarwa. Na cika. Daga nan na wuce gidan Dosinda na sa hannu a kan teburin kicin ɗinta, layi na ƙarshe. Ta hura tawadar kamar zamanin da, ta ce, "Kin zo a makare kamar kullum." Ta ninke takardar.

Na kamo hanyar gida. Har yanzu ban tabbata ba wauta na yi ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Tallafin bai shigo ba. Wasiƙa ta ce ana dubawa.

Otal sun ce suna neman mai guga safiya uku a mako, yanzu da baƙi suka fara zuwa. Baba ba ya zama shi kaɗai. Shekara uku ban bar kowa ya taɓa shi ba, ina cewa ba za su iya ba. Gaskiyar ita ce ban iya roƙo ba.

Na buga wa Celsa waya. Na shirya dogon bayani, ban kai rabi ba ta katse ni: "Wace rana?" Ita Litinin, Dosinda Laraba. Herminia ta ce Juma'a tata ce, kada a yi mata gardama.

Na rubuta musu lokutan magani a shafi biyu. Celsa ta leƙo da yamma ta karanta, ta yi dariya, ta ce ko asibiti bai kai ni ba.

Gobe zan je a yanka musu makullan gida guda uku.