Na Zuba Asirin Majinyata a Manhajar Ɗiyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da masu karanta shi. Ban taɓa zaton zan kawo damuwata dandalin da yara ke kukan soyayya ba, kuma na ga irin amsoshin da kuke rubutawa, babu waƙafi babu aya, balle ladabi. Duk da haka ina roƙon a sakaya sunana, wanda kuma zai yanke mini hukunci ya dakata sai ya kai ƙarshe.

Ni tsohon malamin asibiti ne. Na yi aiki a ɗakunan shan magani daga Shanga har Ngaski, na yi ritaya a Yelwa, inda har gobe Likita ake kirana. A zamaninmu an horar da mu cewa alƙalamin ma'aikacin lafiya ba ya rubuta abin da bai faru ba, kuma da wannan nake tinƙaho.

Ɗiyata kwamfuta ta karanta. Wani asibiti mai zaman kansa a garin nan ya ba ta aikin gina manhajar ajiye bayanan majinyata, ita da abokan aikinta, samari masu ɗangalallen wando waɗanda ba su taɓa riƙe hannun mara lafiya ba, amma in suna magana sai ka ce su suka ƙago magani. Wata rana bayan la'asar ta same ni a zaure da kwamfutarta. Ta ce, "Baba, taimako nike so. Gwada manhajar muke yi, ku kuma kun san cututtuka da magungunansu. Ku cika muna ita da majinyata na ƙarya. Suna na ƙarya, unguwa ta ƙarya."

Na ce, "Ƙarya? Ita aka tura ku jami'a ku koyo?"

Ta yi dariya. "Ƙa'idar aikin ke nan, Baba. Ta gwajin a buɗe take, duk wanda ke cikin aikin yana shiga. Ta ainihin ita ke da makulli. Shi ya sa ba a sa mutum na gaske a ta gwaji, ko guda."

Na ji ta sarai. Ba zan fake da tsufa ba, ba zan ce ban fahimta ba. Na ma fara da bin maganarta, na ƙirƙiri wani Audu mai zazzaɓi, sai na ji kamar an zaunar da ni wasan 'yar tsana. Ni da na yi furfura a kan ciwon mutane, ni zan zauna ina haifar waɗanda Allah bai halitta ba? Na raina aikin, na raina masu aikin, na ce a raina idan abin nan yana da wani amfani to ya ɗauki ciwo na gaske mu gani. Kaina kuwa cike yake da majinyatan da na yi wa magani. Na shiga zuba su ɗaya bayan ɗaya, suna da sunan uba, unguwa, ciwo, magani. Abin kunyar shi ne daɗi na ji, don na ga ƙwaƙwalwar tsoho ta fi na'urarsu riƙo.

A cikinsu akwai wani mai jirgin ruwa, tsarana, wanda ke ƙetarar da mutane tafki ranar kasuwa. Tun yana saurayi ya zo mini a ɓoye da farfaɗiya. Na ɗora shi a kan magani, ya riƙe shi da gaske, kuma a iya sanina bai sake faɗuwa ba. Ko 'ya'yansa ba su san dalilin ƙwayar da yake sha ba.

Ranar da za su nuna wa ma'aikatan asibitin inda aiki ya kai, suka haska manhajar gwajin a bango da majigi. An ce ɗiyata ta taɓa suna guda don misali, sai ga mutumin nan da unguwarsu da ciwonsa, da manyan baƙaƙe. Cikin masu kallo akwai wanda ke shiga jirginsa. Kun san bakin mutanenmu: kafin kasuwa ta sake ci, zancen ya riga mai jirgin isa tashar jiragen ruwa. Yanzu jiragen wasu suna cika suna tashi, nasa yana ɗaure. Jahilan da ya shekara yana kaiwa yana dawowa da su lafiya, su ne yau ke janye 'ya'yansu in ya wuce, wai ana ɗaukar ciwon ta yawu.

Asibitin ya dakatar da aikin. Zargin da ake mata shi ne ta samo tsofaffin katunan majinyata ta kwafe cikin manhajar gwaji, kuma a sana'arsu wanda aka kama da wannan ba a sake ba shi amanar komai. Ta zo ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, sunayen nan, ƙirƙirar su kunka yi, ko?"

Na ce, "Tuhumata kike yi?"

"A'a, Baba, tambaya ce." Sannan ta ce, "Kwamitin binciken asibitin zai zauna ranar Litinin. Manhajar tana riƙe sunan duk wanda ya shigar da abu, ku kuma da sunana kunka shiga. In sun tambaya zan ce ni ce."

Kun san abin da na amsa? Na ce ai laifinta ne, wace irin ƙwararriya ce za ta miƙa wa wani kwamfutarta a buɗe da sunanta, ko da ubanta ne? Ta ce, "Gaskiya ne, Baba," ta tashi. Har yanzu ina ganin akwai sakaci a lamarinsu. Amma wa ta miƙa wa? Ba mutumin da ya cika mata kunne da zancen amana tun tana goye ba?

Shekaranjiya mai jirgin ya zo da kansa, da bandar kifi a leda kamar yadda ya saba. Ya ce, "Likita, na san babu hannunka. Kai bakinka kabari ne. Yaran nan ne ba su san girman asiri ba. Ka yi mata faɗa, amma kada ka tsananta, ɗiyarmu ce." Na karɓi kifin. Na buɗe bakina na ce, "Yaran zamani sai addu'a."

In na je gaban kwamitin, zan tsaya a gaban sa'o'in jikokina in ce Likita ne ya tona, gari ya ji, sauran waɗanda na zuba sunayensu su ma su ji. In na yi shiru, ta ɗauki kayan da ba nata ba, sana'arta ta mutu tun ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ban taɓa aika takarda ba sa hannu ba sai yau. Na ɓoye sunana ga mutanen da ba su san ni ba, alfarmar da ban yi wa mai jirgi ba.

Ba wa'azi nake nema ba, na fi yawancinku sanin ayoyin. Litinin ta ƙarato, kifin yana nan a zaure na kasa ci. Me zan yi?