Irin Alkamar da Kika Rataye

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Yesu Almasihu wanda kike hutawa a wurinsa. Bayan gaisuwa, ina sanar da ke na kammala karatun aikin gona, na dawo gida Haɗeja. Yau wata bakwai da kwana tara da muka binne ki.

Mama, ruwa ya cinye shinkafarmu bana, ko dami ɗaya ba mu ɗauka ba. Tun daga nan Baba ya ce ba zai shuka alkama ba. Wai alamu sun cika: ga ambaliya, ga labarin yaƙe-yaƙe a rediyo, ga shi kin tafi. Ubangiji ya kusa dawowa, wa zai jira girbi?

Maimakon in ƙarfafa shi, sai na samu littafi ina jera alamun ina lissafi. Kin san halina. Lissafin bai ba ni ranar dawowarsa ba, ciwon kai kawai ya ba ni. Abin da na tabbatar na gona ne: in alkama ba ta shiga ƙasa ba kafin tsakiyar Disamba, zafi zai riske ta tana fitar da kai. Gidan nan kuwa ba shi da wani abincin da yake jira.

Na tuna yadda kike yi in kogi ya fara cika. Ki kafa kara a bakin ruwa, kullum da safe ki je ki duba inda ya kai. Ki ɗaure tufafinmu da takardun makaranta a zane guda, ki ajiye bakin ƙofa. Sannan ki hura wuta.

Na taɓa tambayarki ko ba kya tsoro. Kika ce, “Rahila, kayana a ɗaure suke. Amma ba zan bar ku da yunwa don ina jiran ruwa ba.”

Shekaranjiya ina share ɗakinki na ɗaga kai, sai ga jarka rataye a jikin azara, sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Irin alkama ne, kin gauraya da toka, kin toshe bakin da tsumma. Girbin ƙarshe ne, lokacin da ko tsayuwa ba kya iya daɗewa. Kin san ba za ki ci ba. Ban san yadda kika hau ba, Mama.

Na jiƙa ƙwaya ɗari a tsumma don in gwada, amma na kasa jiran su tsiro. Na sauke jarkar na ajiye gaban Baba. Ya daɗe yana shafa igiyar, domin ya gane ɗaurinki. Da la'asar na ji shi ta katanga yana tambayar maƙwabcinmu Malam Bukar ko injin ban ruwansa yana tashi.

Gobe za mu fara gyaran fadama. Har yanzu gabana yana faɗuwa in na tuna ranar ƙarshe, ba zan ɓoye miki ba. Amma yanzu in na tuna ta, ke nake fara gani a cikin masu tashi daga matattu.

Ya Ubangiji, ka riƙe Mama cikin salamarka, ka ƙarfafa gwiwar Baba. Duk ranar da ka zo, ka same mu a farke, ko da taɓo ne a ƙafafunmu. Amin.

Sai mun sadu,
'Yarki mai yawan fargaba,
Rahila