Ashirin Ba Biyu Sau Uku

Tamanrasset

Yaya Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Damagaram duka.

Kawu Isufu ne ba lafiya, an kwantar da shi gidan likita nan cikin gari. Maigidana Sha'ibu ke jinyarsa dare da rana. Kin san Kawu, ko allura ake yi masa, zancensa ɗaya ne: dashen dabinonsa na Abalessa, da ya tsufa yana tanadi kafin ya samu.

Hankalinmu kwance ta nan. Sha'ibu ya haɗa wa fanfon garkar, wato lambun dabinon, wata na'ura mai jin Hausa, a aika mata saƙo ta salula, ta ba da ruwa. Kawu da hannunsa ya rubuta mata: kullum minti ashirin ba biyu sau uku. Karatun mijina dai ya yi rana, a daina ce masa ɗan lekkol, ɗan boko marar aiki.

Ƙanwarki, Rakiyatu

Yaya Zuwaira,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ni kam raina a ɓace yake.

Sha'ibu ya je Abalessa ya tarar dashen ya bushe ƙurmus. Na tsare shi sai da ya fahimtar da ni. Ke da ni mun san ashirin ba biyu sha takwas ne. Sau uku kuwa, hamsin da huɗu. Amma na'urar dokar lekkol aka ɗora mata, wai ninkawa kafin ragewa. Sai ta ninka biyu sau uku, ta cire shidan daga ashirin. Minti sha huɗu take bayarwa, cikin wannan zafi! Magana ɗaya, hanya biyu, ta bi wadda ko goyo ba zai bi ba.

Ya daina cin abinci. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi.

Taki, Rakiyatu

Yaya,

Ina gaishe ku. Sai haƙuri, Kawu ya rasu ranar Laraba. Har ƙarshe yana tambaya ko dashen ya yi sabon ganye, Sha'ibu ya kasa ɗaga kai. Kawu ya dube shi, bai sake tambaya ba.

An gyara na'urar. Yanzu in magana ta rabu biyu, ba ta sakin ruwa sai ta tambayi mai saƙon. Da safen nan salular Kawu ta yi ƙara cikin kayansa. Na duba, na'urar ce, tana tambaya ko sha takwas yake nufi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Rakiyatu