Farar Mota Mai Koren Layi

Yayata Crisanta,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya mutanen Michoacán? Mu nan Yakima lafiya lau, in ban da ƙafar maigidana Nicanor. Ciwon sukari ya buɗe masa gyambo a babban yatsa, ya ƙi warkewa. Kullum sai ya naɗe da tsumma, ya cusa a takalmi, ya hau tsani tsinkar tuffa. Na yi maganar asibiti har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Hortensia, asibiti na masu takardar zama ne."

Ga wani abin mamaki. Mutanen jami'a sun zo cocinmu, wai za su riƙa duba ma'aikatan gona kyauta, ba tambayar takarda. Suna neman mai haɗa su da jama'a, Fada, limamin cocin, ya nuna ni, don ya san bakina ba ya hutawa. Shugabarsu Likita Solberg ce, wata doguwa, tana cin barkononmu tana hawaye tana neman ƙari. Na tambaye ta ribarsu a ciki, ta ce su ma koyo suka zo. Koyon me a wurin masu tsinkar tuffa? Zan dai sa ido.

Ƙanwarki,
Hortensia

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ranar Asabar na tara mutane a filin coci, har Nicanor na jawo. Sai ga motar asibitinsu, fara fat da koren layi a gefe, sak ta jami'an shige da fice. Kafin ta tsaya fili ya yi wayam. Tsohuwa Eulalia takalmi ɗaya ta bari. Ni da na gayyato su, bayan akwatunan tuffa na tsinci kaina. Nicanor mai ɗingishi kuwa ya riga kowa isa gida.

Da na fito na yi wa Likita bayani, ta ce ashe launin makarantarsu ne, har 'yan ƙwallonsu shi suke sawa. Ta zauna a bakin mota, sai ta ba ni tausayi. Can ta tambaye ni wane launi ne ba ya ba mu tsoro. Yanzu a gidan mai take barin motar, ta ɗauki jaka mu bi gida-gida a ƙafa.

Ki gaida Mama.
Hortensia

Yaya Crisanta,

Bayan gaisuwa, ki kwantar da hankalinki: an cire yatsan, amma ƙafa ta tsira.

Da ni da Likita muka zo gidanmu, Nicanor ya yi ta zolayarta, wai ta dawo bayan kaka. Tana kwance tsumman ta daina dariya. Ta ce yau za a tafi asibiti, in ba haka ba abin zai kai gwiwa. Tamu motar a lalace take, dole aka kawo waccan farar mai koren layi har ƙofa.

Ya daɗe tsaye yana kallonta. Ke kin san shekarar da irinta ta tafi da shi, ina da tsohon ciki. Na ji tsoro ƙwarai, na ɗauka juyawa zai yi. Sai ya gyara hularsa ya ce, "Likita, in dai zan shiga, gaba zan zauna. Na taɓa zaman baya."

Da kanta ta buɗe masa ƙofar.

Ki sa mu a addu'a.
Taki har kullum,
Hortensia