Talata Za Mu Ga Likita, Malama

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, Malamata kuma uwar 'yata.

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da 'yarmu Kumatu, da Yayarki da duk mutanen gidanta. A kan teburin shago nake rubuta miki wannan, na ture katakai gefe, domin idan na kira waya gaisuwa kawai kike yi ki miƙa wa Yaya. Kin san hannuna ya fi sabawa da zarto, sai ki yi haƙuri da rubutun, kada ki bi shi da jan biro.

Kin tuna ranar da aka kira ni makarantarku gyaran bencuna? Na gama na farko, na zauna a kai don in nuna wa shugaban makaranta ƙwarinsa, sai ƙafar baya ta ɓalle, na tafi ƙasa da guduma a hannu. Duk malamai suka kame bakinsu. Ke kaɗai kika fashe da dariya har kina riƙe ƙofar aji. Ina kwance a ƙasa na ce a raina, wannan dariyar a gidana ya kamata a riƙa yin ta. Allah kuma ya amsa. Ta zauna a gidana kamar tsuntsuwar da ta sami reshenta, maƙwabta ma sun san ta ta bayan katanga. Yanzu ina take, Malama? Wa zan tambaya ya nuna mini inda ta shiga?

Bari in faɗi abin da sunansa, tunda ke kin ƙi faɗa. Kumatu ta zo da girma, naƙuda ta yi tsawo, kin ƙaru sosai, aka yi miki ɗinki. Ɗinkin ya yi ruwa ya buɗe, ya warke ba daidai ba. Zama yana yi miki ciwo, shi ya sa kike cin abinci a tsaye kina cewa sauri kike yi. Kuma idan kika yi tari, ko atishawa, ko dariya, fitsari yana kufce miki. Shi ke nan abin. Ba ke kika jawo shi ba, kuma ba ke kika fara shi a duniya ba.

Na san komai tun kafin ki san na sani. Na ga ledar da kika shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado. Na ga kin daina shan ruwa idan za mu fita. Na ga kina wanki ƙofa a rufe, kina shanya a bayan labule inda iska ba ta kaiwa. Ranar da muka gwada komawa ga juna kuwa, kika cije leɓe kika ce babu komai. Ni na janye, kika juya wa bango fuska, kika ɗauka ƙyama ce. Ba ƙyama ba ce, hasken gidana. Wane irin namiji ne zai ji daɗi a inda matarsa take cije baki?

Sai ranar da mahaifiyata Inna da ƙanwata suka zo ganin jaririya. Ƙanwata ta kwaikwayi yadda nake rawar jiki a ƙofar ɗakin haihuwa, dariya ta ƙwace miki ba shiri, kika miƙe kujera a jiƙe. Ba wanda ya ce uffan. Kika shige ɗaki, washegari kika haɗa kaya. A bakin ƙofa kika ce mini, "Matar da ka aura ba ita ce wannan ba. Ka bar ni in tafi da mutuncina." Na tsaya riƙe da jakar Kumatu har kika karɓa kika tafi. Ga amsar yanzu.

Matar da na aura ita ce wadda ta shiga ɗakin haihuwa da ƙafarta, ta fito mini da 'ya mai kumatu kamar an hura. Jikin da kike jin kunyarsa shi ya yi wannan aikin. Ni ban ga abin da ya rage a cikinki ba. Idanunki suna nan kamar taurarin asuba, muryarki tana nan, faɗanki ma yana nan, na ji kina yi wa Yaya a waya kan ruwan wankan yarinya. Gidan nan kuwa tun tafiyarki ya zama kamar rijiyar da ta ƙafe. Ina shiga in ji ƙarar takalmina. Na dafa shayi na zuba kofi biyu, sai da na ɗauko na biyun na tuna. Tsintsiya ma ban san inda kike ajiye ta ba, da ta shago nake shara, ɗakin duk garin katako.

Na je asibiti ni kaɗai. Na sami nas ɗin nan mai tabarau, wadda ta kore ni daga bakin ƙofa ranar haihuwa. Ta ce kin daina zuwa ganin likita. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Ta ce sai likita ta duba ki kafin a san tabbas, amma irin wannan ɗinkin ana sake gyara shi da ƙaramin aiki. Ta ce maganar fitsari akwai motsa jiki da ake koya wa mata don naman wurin ya yi ƙarfi, kuma da yawa suna samun sauƙi, wasu da wuri, wasu sai a hankali. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Kai kuma, maigida, bayan aiki sai ka yi haƙuri har likita ta ba da izini." Na ce mata ni kafinta ne, na saba jiran gam ya bushe. Ta yi dariya ta rubuta mana Talata da safe.

Ba zan yi miki alkawarin za ki koma yadda kike a da ba, don ba a hannuna yake ba. Abin da yake hannuna shi ne wannan: idan an warke, alhamdu lillahi. Idan kuma da saura, ni zan riƙa sayo audugar mata, ni zan wanke zanin gadon, in shanya shi a tsakar gida rana ta buge shi, wanda zai yi magana ya yi da ni.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Jiya Inna ta zo shago. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta zauna a kan wani benci, sannan ta ce, "Abin da ya sami yarinyar nan, ni ma shi ne. Tun haihuwarka." Na ce, "Inna, tun haihuwata?" Ta ce, "Har mahaifinka ya koma ga Allah bai sani ba. Kana ganin haka kawai nake ƙin doguwar tafiya, nake zama bakin ƙofa a gidan mutane?" Malama, ga furfura ta fara fito mini a gemu, duk tsawon nan uwata tana ɗauke da wannan ita kaɗai, mu muna cewa halinta ne ba ta son mutane. Shirun da ta yi ranar nan ba na raini ba ne. Ta ce da kika miƙe, kanta ta gani a tsaye.

Na koma wurin nas, ta ce a kawo ta ita ma. Da fari Inna ta ƙi, ta ce tsohuwa da ita me za ta je ta buɗe wa yara. Daga baya ta ce za ta je, amma da sharaɗi: ba za ta shiga ita kaɗai ba, kuma ba da ni ba, ba da ƙanwata ba. Da ke.

To, ga shi nan, farin watana. Talata da safe zan zo ƙofar gidan Yaya da motar maƙwabcinmu, Inna tana baya. Na sa matashi mai laushi a inda za ki zauna. Ni zan riƙe Kumatu a waje, ku biyu ku shiga. Idan ba za ki fito don ni ba, ki fito don tsohuwar nan, ta ce ta riga ta goge mayafinta.

Naki a yau, naki a ranar aiki, naki ko an warke ko ba a warke ba, har ƙasa ta rufe idona,

Mijinki, baban Kumatu.