Injin Casa Yana Jiran Izinin Abuja

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya zaman Kumasi, yaya kasuwa, yaya maiɗakinka da yara? Mu nan Mafara lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Injin casar shinkafarmu ya iso, amma har yau yana cikin akwati. Wani injiniya Ba'indiye ne zai zo ya haɗa shi. Ashe ba a kawo baƙo aiki daga waje, ko na ɗan lokaci ne, sai da izinin gwamnati. Jami'in shige da ficen da na gani a Gusau ya ce, "Kawo shaidar aikin da zai yi da lokacin komawarsa, sauran kuma sai Abuja." Na kai, ina ta jira.

Manoman Bakura sun gaji, sun fara kai shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, Sakkwato. Jiya har Kawu Bala ya loda tasa. Ya ce, "Ɗana, shinkafa ba ta san Abuja ba." Ban ga laifinsa ba, ni ma na kama masa lodin.

Ka sa mu a addu'a. Gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanenka,
Murtala