Na Dawo Miki da Muryarki

Zuwa ga Autar Baba, sanyin idona, inuwar da nake tsayawa in numfasa idan rana ta take tsaka, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya!

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi aiki lafiya, masu naƙuda ba su ƙarar miki da ƙafa ba. Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ke damun wayarki sau goma a yini. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Yatsana ya yi mini ɓarna a kan waya, shi ya sa na koma wa biro.

Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakin karatu, in buɗe babi na huɗu na kundina, wanda malamina ya dawo mini da shi ya sha jan biro, in rufe, in fita, in dawo. Har abokin ɗakina ya tambaye ni ko ƙaya aka shuka a kujerata. Kin san halin da nake ciki: saura mako biyar in kare kundin nan a gaban malamai, takardar neman aiki kuwa na aika wuri goma sha takwas, babu wanda ya ce mini ko ci kanka. Kin kuma san abin da Babanki ya faɗa ranar da na je gaishe shi: "Ɗana, karatu ya yi kyau, amma ba a dafa takarda. Samo aiki, sai mu zauna mu yi magana." Tun ranar nake yawo da maganar nan a ƙirjina.

Kin tuna Larabar nan a bencin bayan asibiti? Kin fito daga ɗakin haihuwa, kin tuɓe takalmi kina murza yatsun ƙafa, ni kuma na zo ina magiya ki bari in gwada darasin hira a kanki. Kika yi dariya, kika kira ni ɗan jarida marar jarida. Sannan kika ce, "Zan yi, amma ka rantse babu kunnen da zai ji sai naka." Na rantse, na kunna rikoda, na tambaye ki ranar da ba za ki taɓa mantawa ba a aikinki. Sai kika ba ni labarin jaririn farko da kika karɓa bai yi kuka ba. Yadda kika wanke shi, kika sa masa 'yar shuɗiyar hular da uwarsa ta saƙa da hannunta, kika wanke fuskarki, kika nufi gado na gaba da murmushi domin wata tana jiranki. Sau biyu muryarki ta karye. Kika ce ko Umma ba ki taɓa gaya wa ba. Ya rabin raina, a minti goma sha ɗayan nan na gane ba ni da wata sai ke!

To ga abin da na aikata. Wuri na goma sha tara gidan rediyo ne, suka ce kowa ya turo samfurin aikinsa na murya. Ina da hirar da na yi da 'yan kasuwa kan lambatun da ya toshe musu hanya, mako biyu ina gyaranta. Kin san mugun halina wajen raɗa wa aiki suna: "hira ta ƙarshe", "hira ta ƙarshe biyu", "ta ƙarshe ta gaske". Sau nawa malaminmu ya ja mana kunne, ya ce kada mu tura abin da ba mu saurara ba? Saura minti biyar a rufe karɓa, na danna ɗaya na tura. Taki ce.

Ban sani ba sai ranar Litinin da suka kira ni. Kira na farko cikin goma sha tara! Na ari rigar abokin ɗakina, na goge takalmi har ina ganin fuskata. Editar, wata dattijuwa mai farin tabarau, ta zaunar da ni ta kunna. Ina jiran hayaniyar kasuwa, sai dariyarki ta cika ofishin. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Ta ce, "Shekara ashirin ina aikin nan, ban cika ganin yaron da ya iya yin shiru ya bar mutum ya yi magana kamar kai ba. Za mu sa ta ranar Lahadi, kai kuma ka fara aiki farkon wata." Na gaya mata kuskure ne, kuma akwai rantsuwa a kai. Ta ce ai da sauƙi, a sauya murya, a cire suna.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta yi rawa. Na roƙi minti goma, na fita na zagaya wurin ajiye motoci sau uku. Na ga kaina durƙushe gaban Baba da takardar ɗaukar aiki. Na ga ɗakinmu, har labulen da kika ce kina so. Na ciro waya zan kira ki in roƙe ki, kuma na san za ki ce to, saboda ni. Wannan ne ya tsorata ni. Yaya zan tambaye ki abin da ƙauna ba za ta bar ki ki ƙi ba? Kuma wa zai sauya launin hular nan a kunnen uwar da ta saƙa ta, idan ta kunna rediyo ranar Lahadi? Na koma na ce a'a. Ta goge a gabana, ta ce akwai mutum arba'in a layi, ba ta ma yi fushi ba.

Yanzu ga ni, tauraruwata, babu aikin, kuma alkawarin ma ban riƙe shi cikakke ba. Kunne ɗaya ya ji bayan nawa, ba ni da hanyar ciro maganar daga ciki. Wannan ne ke hana ni zama, ya fi rashin aikin ci mini rai. Ki yi faɗa, ki yi fushi, ki kira ni duk sunan da kika ga dama, amma don Allah kada ki yi mini shiru. Idan kika daina ba ni labarin yininki don tsoron inda zai ƙare, me ya rage mini?

Jiya na aika takarda ta ashirin, sai da na saurari samfurin muryar da na haɗa da ita sau uku kafin in tura. Zan je wa Baba hannu biyu babu komai in roƙi ƙarin lokaci, ya faɗi abin da zai faɗa, zan shanye.

Ki girgiza ambulan, akwai ɗan katin rikodata a ciki. Na goge ta waya, na goge ta kwamfuta, wannan kaɗai ya rage a duniya. Muryarki ce, na dawo miki da ita. In kin yafe, ki same ni a bencin nan ranar Laraba, zan zo da kunnena kawai.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da za a daina jin tawa muryar,

Ɗan jaridarki, marar jarida har yanzu.